Matambayi Ba Ya Ɓata: Zaki, anga da ƙaramin k a gindin butar Kaka

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan wasiƙun da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar tsofaffin kayan azurfa ne da ƴan tamburan nan ƙanana da ake gani a jikinsu, kowa na son sanin waye ya ƙera nasa kuma yaushe. Na zaɓi biyar, ta farkon zan daɗe a kanta don duk wanda ya gane ta ya gane rabin sauran.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah inada tambaya. Kakanmu Allah ya jiƙansa kuku ne a gidan wani Bature ma'aikacin reluwe a nan Zariya, da Baturen zai koma gida ya bar masa butar shayi, tana cikin adakar kakarmu shekara da shekaru har itama ta rasu aka raba gado ta faɗo a kason mamanmu. Tayi baƙi ƙirin amma a gindinta akwai wasu ƴan zane guda huɗu a jere, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba, na ɗauka da waya na zuƙo naga zaki yana tafiya, sai wani abu kamar ƙugiya, sai ƙaramin harafin k, sai E&Co. Wani mai sayen tsohon ƙarfe yace dalma ce a bashi a kilo, Mama tace a tambaya tukuna. Meye gaskiyar abin?
Daga wata ƴar'uwa, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, ki gaida min Mama kice Allah ya saka da alheri da bata yi gaggawa ba, wallahi da an bada butar nan a kilo da anyi asarar da ba'a maidawa. Abinda kika lissafo hatimin awon azurfa ne na Ingila cikakke, kuma yana da tsarin karatunsa. Kuskuren da kusan kowa keyi shine ya fara da haruffan sunan maƙeri ya shiga intanet yana nema, toh nan ake ɓata, don haruffa biyu irin su WH ko JS zaki samu maƙera da yawa sun yi amfani dasu a garuruwa daban daban cikin shekara ɗari uku. Suna shine na ƙarshe. Ana fara tambayar azurfa ce ko ba ita bace, sannan wane gari, sannan wace shekara, idan waɗannan ukun sun zauna sai ki ga sunan ya kawo kansa.

Zakin nan mai tafiya da ƙafa ɗaya ta gaba a ɗage shine shaidar azurfa. Yana nufin a cikin kashi 1000 na ƙarfen, 925 azurfa ce tsantsa, ragowar 75 yawanci jan ƙarfe ne da ake zubawa don ta yi ƙwari, saboda azurfa zalla laushi gareta, ko cokali kika yi da ita lanƙwashewa zai yi. Tun shekarar 1544 ake buga zakin, zamanin sarki Henri na takwas, daidai lokacin da shi sarkin ya fara rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasar. Ita kuwa dokar awon ta girme shi sosai, tun 1300 sarki Edwad na ɗaya ya kafa ta, yace kada a sayar da kayan azurfa sai an auna an buga masa kan damisa. Kuma abinda nake so ki riƙe, ba maƙerin bane yake buga zakin da kansa, ofishin awo ne, sai sun kankari ɗan ƙarfen sun gwada, a da idan bai kai ba farfasa kayan ake a maida masa. A 1757 har hukuncin kisa aka sa wa mai ƙirƙirar hatimin jabu, kinga kuwa ba abin wasa bane a wajensu.

Ƙugiyar da kika gani anga ce, ƙarfen nan da jirgin ruwa ke saki ya tsaya, ita ce alamar Bamingam. Garin ko kusa da teku baya, amma ana cewa masu neman a buɗe ofisoshin Bamingam da Shefil a wani gidan saukar baƙi na Landan suke zama mai suna kambi da anga, sai Shefil ta ɗauki kambi Bamingam ta ɗauki anga. Duka biyun a 1773 aka buɗe su, wani attajirin masana'anta Matthew Boulton ne ya tsaya kai da fata saboda ya gaji da aika kayansa har Cesta don awo, su lalace a hanya. Landan kan damisa ne, Edinbara ganuwa mai hasumiya uku, Cesta damman alkama uku da takobi kafin a rufe ta a 1962, Gilasgo bishiya da kifi da ƙararrawa, itama an rufe a 1964. Shefil ta bar kambi ta koma fure a 1975.

Toh sai harafin k, nan ne daɗin aikin yake. Tun 1478 kowace shekara da harafinta, idan haruffan sun ƙare sai a sake farawa daga a amma da wani salon rubutu da wata siffar garkuwar da ke kewaye da harafin, kuma kafin 1975 kowane gari da nasa lissafin, k na Landan daban k na Bamingam daban, shi yasa nace gari kafin shekara. A Bamingam akwai zagayen ƙananan haruffa da ya fara 1875, k ɗinsa 1884 ne, akwai kuma wanda ya fara 1900, k ɗinsa 1909. Wanne ne naku? Ke da kanki kin bani amsa da kika ce zanen huɗu ne. Daga 1784 zuwa 1890 ana biyan haraji a kan kayan azurfa, kuma ana buga kan sarki ko sarauniya a matsayin rasit, da butar 1884 ce da kin ga na biyar, kan Sarauniya Biktoriya tana kallon hagu. Tunda babu, kuma idan k ɗin a miƙe yake kamar na littafin makaranta, ba mai ƙahonni da kwalliya ba, toh 1909 ne zuwa tsakiyar 1910, don a watan Yuli suke canza harafi a lokacin. Ki duba, an ƙera butar nan jirgin ƙasa bai ma iso Kano ba, sai 1911 ya iso, ba'a kuma haɗe Arewa da Kudu ba.

Yanzu ne muka zo kan E&Co, kuma kin ga yadda filin ya tsuke, Bamingam, 1909, E&Co, wannan Elkington ne, babban kamfani a titin Newhall. Sune a 1840 suka yi rajistar dabarar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki, kuma farantin nan da ake ba macen da ta ci gasar tanis ta Wimbildon su suka ƙera shi a 1864. Saboda sun fi shahara da kayan ruwan azurfa wasu na ganin sunansu sai suce ai ba azurfa bace, amma sun yi na gaske da yawa, kuma zakin shine alƙali. Sai dai ki sani, haruffan nan sunan wanda ya yi rajista ya kai kayan awo ne, ba lallai sunan mai riƙe da guduma ba, kamfani irin wannan ma'aikata gareshi ɗaruruwa, wani lokacin ma mai shago ne yake sa a ƙera masa ya buga nasa haruffan. Abu ɗaya ya rage ki yi min, ki ɗaga murfin ki duba cikinsa ko bakinsa, ya kamata ki ga ƙaramin zaki da k ɗin nan a can ma, idan sun yi daidai toh murfin nata ne na asali.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayi cokula goma sha biyu a wajen ƴan gwanjo, masu nauyi, a bayan kowanne akwai ƴan akwatuna huɗu da haruffa E P N S, da A1, da wata ƴar tuta mai W&H. Mai kayan ya rantse azurfar Ingila ce. Na ci riba ko an ci ni?
Daga wani magidanci, Jos

AMSA: Ɗan'uwa, na Ingila ne kam, nan bai yi ƙarya ba, tutar nan mai W&H ta kamfanin Walker & Hall ce na Shefil, kamfani ne mai suna. Amma azurfa sai dai a fatar sama. EPNS ɗin nan cewa yake ƙarfen ciki haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, wanda ko ɗigon azurfa babu a cikinsa duk da farinsa, sannan aka tsoma shi a ruwan azurfa da lantarki. A1 kuma kamfanin ne ke yabon kansa cewa ruwan mai kauri ne, ba wani ofishi da ya auna. Idan kaga EPBM shima ruwa ne, ƙarfen cikinsa kuza ce mafi yawa, yafi laushi ma.

Abinda ke ɓata min rai da irin waɗannan kayan shine yadda aka jera haruffan cikin ƴan akwatuna huɗu, da rubutu mai kwalliya, ta yadda daga nesa sai ka rantse hatimin awo ne, kuma tun a wancan zamanin haka aka tsara shi don ya ɗauki idon mai saye. Shi yasa nake ta nanata zaki. Ba zaki, ba ganuwar Edinbara da furen ƙaya da ake bugawa a can a madadin zaki, ba lamba 925, toh ka ɗauka ruwa ne har sai an tabbatar maka da akasin haka. Ka ɗauki cokali ɗaya ka juya bayansa, daidai inda cikinsa ke taɓa tebur, da kuma bakin da ke gogar kwano, in an daɗe ana amfani dashi zaka ga wajen ya ɗan yi ɗorawa ɗorawa, wannan ƙarfen ciki ne ya leƙo. Kuma kar ka dogara da gwajin mayen ƙarfe da ake yaɗawa, gaskiya ne baya kama azurfa, amma ai baya kama tagulla, baya kama wannan haɗin na EPNS ɗin ma.

Sauran sunayen da zaka yi ta cin karo dasu a gwanjo: M&W na Mappin & Webb, da ƴar begila mai tuta ta James Dixon & Sons, suma Shefil. Dukkansu sun yi na ruwa sun yi na gaske, suna kaɗai baya raba gardama. Cokulanka dai masu kyau ne kuma zasu yi maka shekaru, in kuɗin cokali ka biya baka faɗi ba, in kuɗin azurfa ka biya ka koma masa da wannan bayanin.

TAMBAYA: Ina wuni Malam. Ni a Damagaram nake, mahaifina ya yi aiki da Faransawa kafin ƴancin kai, ya bar mana cokula masu yatsu shida. Babu zaki a jiki, sai kan wata mata da hula, da wani abu mai kusurwa huɗu a karkace da haruffa biyu a ciki. Kenan ba azurfa bane?
Daga wata uwa, Damagaram

AMSA: Lafiya lau Hajiya, azurfa ce, zaki na Ingila ne kawai, Faransa nata tsarin daban. Matar nan mai hular yaƙi Minaba suke ce mata, tun 1838 ita ce hatimin azurfarsu. Ki sa madubin masu gyaran agogo ki duba kusa da kanta akwai ƴar lamba, in 1 ce toh tsohon awon farko ne, kashi 950 cikin 1000, yafi na Ingila ma, in 2 ce 800 ne. A ƙananan kaya kuma maimakon matar sai ki ga kan aladen daji ko ƙaguwa.

Faransawa sun sauƙaƙa abu ɗaya da nake jin daɗinsa: siffar gidan da sunan maƙeri ke ciki ita kanta magana ce. In mai kusurwa huɗu ne a karkace kamar yankan alewa, irin naki, kayan azurfa ne, haka dokarsu take tun 1797, a ciki zaki ga haruffa biyu da wani ɗan zane tsakaninsu, tauraro ko tsuntsu ko guduma, kuma zanen nan shi ke raba maƙera masu haruffa iri ɗaya, don haka ki turo min hotonsa. In kuwa gidan a miƙe yake kamar akwati toh ruwa ne, yawancin kayan Christofle da ake gani a manyan otal haka suke. Inda suka wahalar shine a zamanin kayanki basu da harafin shekara, sai dai a nemo shekarun da maƙerin ya yi yana aiki a ƙiyasta. Ƴan'uwanmu na Garwa da Marwa kuma ku riƙe wannan, in kun ga jinjirin wata da kambi da 800, na Jamus ne daga 1888 zuwa sama, in kuma 90 kaɗai aka rubuta a cokali, awon ruwan da aka yi masa ne.

TAMBAYA: Malam inada tsohon kuɗi babba na azurfa mai hoton wata mata, an rubuta 1780, kakata a wuya take rataya shi. An ce min yafi shekara ɗari biyu zai yi tsada sosai. Sannan munduwarta da zobbanta babu hatimi ko ɗaya, ya zan san maƙerinsu?
Daga wani ɗalibi, Katsina

AMSA: Ɗana, matar nan Mariya Tareza ce sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu, amma mutanen Habasha da ƙasashen Larabawa da fataken Sahara sun riga sun yarda da kuɗinta basa karɓar wani, sai aka cigaba da buga shi da wannan shekarar ba'a canzawa, a Biyana, daga baya har a Rum da Landan da Faris da Bombai, har cikin ƙarni na 20, kai har yau ana buga shi a Biyana. Don haka 1780 ɗin bata gaya maka shekarunsa. Azurfa ce ta gaske dai, nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1000. Ka duba ƙasan kafaɗar matar zaka ga S.F., mutane na ɗauka sunan maƙeri ne, haruffan jami'ai biyu ne na gidan buga kuɗin garin Gunzbag, aka yi ta kwafarsu tare da hoton. In an huda shi ko an liƙa masa kunne don rataya, masu tara tsofaffin kuɗi rage masa daraja suke, kuɗin azurfarsa zasu baka.

Maganar munduwa kuma, maƙeran farinmu basu gaji buga hatimi ba, ba ofishin awo, amana ce tsakanin maƙeri da mai kawo aiki, sau da yawa ma mai aikin ne ke zuwa da azurfarsa, irin wannan kuɗin na Mariya Tareza ko tsofaffin sulalla da fataka na Turawa waɗanda aka buga daga 1913 kafin a daina sa musu azurfa bayan 1920, a narka a gabansa. Saboda haka hatimin kayanmu a hannun aikin yake, yadda aka murɗa waya, irin zanen da aka tsaga, yadda aka haɗe baki. Ka ɗauke su ka kai wa dattijon maƙerin fari a garinku ko Kasuwar Kurmi a Kano, ka zauna ka barshi ya jujjuya su a hannunsa, sau tari zai ce maka wannan aikin Agadas ne ko wannan na gidan su wane ne, kuma ka rubuta abinda ya faɗa a takarda ka ajiye tare da kayan, don masu wannan sanin raguwa suke kullum. Na Buzaye na baya bayan nan wasu zaka ga maƙerin ya tsaga sunansa a baya da rubutun Tifinag. In kuma a cikin kayan akwai tsarabar hanyar Makka, tire ko ƴar tasa mai lambobin Larabci 80 ko 90 da hoton kyanwa, na Masar ne tsakanin 1916 da 1946, bayan nan suka maida kyanwar fure irin na bado.

TAMBAYA: Malam tiren azurfarmu ya yi baƙi hatimin baya karantuwa, zan iya dirje shi da toka da soson ƙarfe? Kuma ya halatta mu riƙa cin abinci a ciki?
Daga wata amarya, Kumasi

AMSA: Amarya dan Allah ki ajiye soson nan. Na taɓa riƙe wani kofi da aka shekara ana dirza da toka da yashi, zakin ya koma kamar ɗan tabo, harafin shekara ya shafe gaba ɗaya, inuwar garkuwar kawai ta rage, ba mai iya cewa ga shekararsa ko maƙerinsa har abada. Baƙin nan ba datti bane, iska ce mai ɗauke da farar wuta take taɓa azurfa ta rine ta, a sama sama yake. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi, ki shanya shi sosai, in zaki sa man goge azurfa ki ɗora yatsa a kan hatimin ki goge kewaye. Baƙin da ya kwanta cikin ramin hatimin ma taimakonki yake, shi ke fito da zanen. Don karantawa ki hura masa numfashi kamar mai goge tabarau, ko ki haska tocilan ta gefe a kwance sannan ki ɗauki hoto. Kuma kar ki yarda wani ya ɗiga masa ruwan batir ko ya kankare shi da sunan gwaji.

Ci da sha a kwanon zinari ko azurfa kuwa hadisi ingantacce ya hana, maza da mata. Hukuncin ajiye shi da na wanda aka yi wa ruwa kawai, wannan ki kai wa malaminku, amma kafin ki je ki san wanne ne a hannunki don tambayar da zai fara yi miki kenan, kuma akwai maganar zakka, nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, babban tire ɗaya na iya haura haka. In kin wanke kin ga zaki, ki kai wa masu gwal su ɗora a sikeli, abinda ya bayar ki buga sau 925 ki raba da 1000, wannan ce azurfar da ke ciki.

Masu turo hoto kuma dan Allah guda uku nake so, na hatimin a kusa da hasken rana, na kayan gaba ɗaya, da na murfi ko mariƙi in akwai, ku kuma faɗi nauyinsa in kun auna. Ƴar'uwa ta Zariya ina jiran labarin murfin nan.